TURANCIN DA MUKA SANI, BA MU SAN MUN SANI BA

Wannan jawabi ne da wani malamin ilmin manya ya yi wa ɗalibansa a garin Maruta, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram. Mun buga shi don sauran azuzuwan yaƙi da jahilci su amfana.

   

Tun ran da kuka iya karatu da rubutu da Hausa kuke yi mini tambaya ɗaya. Malam, yaushe za mu fara Turanci? Wasu dattawa kuma suka ce, a'a, mu dai a bar mu a Hausa, Turanci ya fi ƙarfin tsoho. To yau zan ba ku amsa gaba ɗaya. Turanci kun daɗe da fara shi. Tun kuna yara kuke yin sa, ba ku dai sani ba ne.

Na ga Baba yana girgiza kai. Baba, ranka ya daɗe, da me aka ɗebo maka ruwan wanka yau da safe? Da bokiti. Daga ina? Daga famfo. In za ka Birnin Kudu ganin likita, ina za ka tsaya? Tasha. Me za ka shiga? Mota. Wa zai ja ta? Direba. In ka sauka ina ka nufa? Asibiti. To Baba, kalmomi bakwai ke nan na Turanci suka fito daga bakinmu yanzu, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ga yadda Turawa suke rubuta su, ku dubi allo: bucket, pump, doctor, station, motor, driver, hospital.

Abin da ya faru shi ne, waɗannan kalmomi sun zo mana baƙunta. Muka karɓe su, muka sa musu riga da hula irin namu, har muka manta baƙi ne. Wasanmu na farko ke nan, na sa masa suna tuɓe riga. Ɗaya ya faɗi kalmar da Hausa, ɗaya kuma ya tuɓe mata riga ya nuna mana yadda take a garinsu.

Kuma ba da ka ake yi ba, akwai hanya. Bahaushe ba ya son baƙi biyu su tsaya tare a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu. Shi ya sa bread ya zama burodi, primary ta zama firamare. Yana kuma son kalma ta ƙare da wasali. Shi ya sa bank ya zama banki, court ta zama kotu. Ba mu da baƙin P a Hausa, sai mu sa F a gurbinsa: paint ya zama fenti, pump ya zama famfo. Ba mu da V, sai mu sa B, kamar a direba. Akwai kuma wata dabara da na fi so. In kalmar Turanci ta ƙare da sautin L, sau da yawa mukan mayar da shi R. Table ya zama tebur. Pencil ya zama fensir. Candle ya zama kyandir. Tsofaffinmu ma sukan kira keke basukur, wato bicycle. Duk wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi, zai tuɓe wa kalmomi da yawa riga da kansa ba tare da malam ba.

Ku ƙirga masu sana'ar garin nan: tela, kafinta, birkila, makaniki. Duk Turanci ne. Ku ƙirga watanni goma sha biyu, daga Janairu har Disamba. Duk Turanci ne, kyauta kuka same su.

Dattawa za su tuna kuɗin da. Fam, sule, sisi, kwabo. Fam shi ne pound, sule shilling, sisi sixpence. Kwabo kuwa daga copper ya fito, wato jan ƙarfen da ake buga shi da shi. A ranar 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Aka rubuta sunan ƙaramin kuɗin kobo. Yanzu in ka buɗe babban ƙamus na Turanci za ka tarar da kobo a ciki, tare da naira. Kun ga kalma ta zo mana aro, ta sa rigarmu, ta koma gida da rigar. Har suya ma, tamu ta gidan mai tsire, ta shiga babban ƙamus na Oxford da ke Ingila. Saboda haka aro ba abin kunya ba ne. Su ma suna ara a wurinmu.

To, me ya kawo maganar wasa a ajin manya? Na san akwai mai cewa a ransa, mun baro aiki mun zo karatu, Malam zai sa mu wasan yara. Ku yi haƙuri ku ji.

Mu Hausawa ba baƙin wasa da harshe ba ne. Muna da kacici-kacici. Muna da karin magana. 'Yan mata suna da zaurance, su yi ta zance a gabanka ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Dattawa kuma suna da dara a gindin bishiya, kuma kowa ya san ɗan dara ba ya manta inda ya sa ɗansa. Abin da mutum ya koya cikin raha da gardama yakan zauna a kai. Abin da aka ɗura masa yana gyangyaɗi kuwa, kafin ya isa gida ya zube.

Turawa ma suna da darar baƙaƙe. Sunanta Scrabble. Wani mutumin Amurka mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙago ta a shekarun 1930, lokacin da ya rasa aiki. A 1948 aka sa mata wannan suna. Allonta yana da gida 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. 'Ya'yanta 100 ne, kowane da baƙi ko wasali a jikinsa, ban da guda 2 da aka bari ba rubutu. Kowane ɗan wasa yakan ɗebi 'ya'ya 7 ya harhaɗa kalma, kalmarsa ta sarƙe da ta abokin wasansa. Harafin da ya yi yawa a Turanci makinsa kaɗan ne. E ya fi kowane yawa, guda 12 ne, makinsa 1. Q da Z kuwa ɗai-ɗai ne, kowane maki 10. Kamar kasuwar Sara ce, abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada.

A watan Nuwamba na 2015 aka yi gasar duniya ta wannan wasa a birnin Perth na ƙasar Ostireliya. Wa ya zama zakara? Ɗan Nijeriya ne, Wellington Jighere, mutumin Jihar Delta. A karon ƙarshe ya kara da wani Baturen Ingila, ya cinye shi sau 4 a jere. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan gasa. Ku duba fa, Bature da harshen uwarsa. An kuma san 'yan wasan Nijeriya da son gajerun kalmomi. Ba sa tsayawa neman doguwar kalma don burgewa. Wannan ya yi mini daɗi, don mu ma da gajeru za mu fara.

Amma akwai wani labari na wannan shekarar da nake so ku fi riƙewa. Wani mutumin ƙasar Niyu Zilan, Nigel Richards, ya shiga gasar duniya ta wannan wasa da harshen Faransanci, ya kuma cinye. Alhali kuwa ba ya jin Faransanci. Ya haddace jerin kalmomin ne cikin 'yan makonni, ya san yadda ake rubuta su, bai san abin da suke nufi ba. Duniya ta yi ta mamaki. Ni ma na jinjina masa. Sai dai irin wannan sani a kan allon wasa ya tsaya. Shi in bai san ma'ana ba, ba abin da zai rasa. Mu kuwa in ba mu san ma'ana ba, gona ce za ta tafi, ko kuɗi, ko lafiyar yaro.

Bari in ba ku labarin gidanmu. Wata shekara kawuna ya sayo maganin feshi roba biyu, ɗaya na ciyawa ɗaya na ƙwari. Mai kanti ya yi masa bayani da baki, ya ce ya gane. Ya kawo ya ajiye a zaure. Robobin kusan kamarsu ɗaya. Da wakensa ya fara fure, ƙwari suka sauka, ya ɗauki roba ɗaya ya yini yana feshi. Kafin mako biyu gonar ta yi ja kamar an sa mata wuta. Ashe na ciyawa ya ɗauka. Kawu ya iya karatun Hausa sarai, har wasiƙa yakan rubuta wa mutane. Kalma biyu kawai suka gagare shi, kuma suna nan ɓaro-ɓaro a jikin robar. A wannan shekara sai da ya sayar da tunkiya biyu.

Ga kalmomin. Ku rubuta su da manyan baƙaƙe. HERBICIDE da INSECTICIDE. Kada tsawonsu ya ba ku tsoro, ku yanka su kamar rake. Wutsiyarsu ɗaya ce, CIDE, ma'anarta mai kashewa. HERB ganye ne ko ciyawa. INSECT ƙwaro ne. Mai kashe ciyawa, mai kashe ƙwaro. Wanda ya fara da H na ciyawa ne, wanda ya fara da IN na ƙwari ne. Shi ke nan abin da kawu ya rasa.

Saboda haka a wasanmu na Maruta mun ƙara doka ɗaya wadda babu ita a gasar duniya. Ba a ba mutum maki sai ya faɗi ma'anar kalmarsa da Hausa. In kuma ya faɗi inda ya taɓa ganin ta, a buhu ko a kwalba ko a bakin hanya, a ninka masa makin.

Wasa na biyu shi ne sake baƙi ɗaya. Kun riga kun san wannan a Hausa. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Ɗan lanƙwasa kawai ya raba su. To haka Turanci yake. Goat akuya ce. Ka cire G ka sa C, ta zama coat, wato kwat. Ka sa B, ta zama boat, wato kwale-kwale. Amma wanda ya fi shafar manomi ga shi. SEED iri ne na shuka. FEED abincin dabbobi ne ko na kaji. WEED ciyawa ce mai cutar gona. NEED kuma bukata. Wutsiya ɗaya, kai huɗu.

A nan zan ɗan daɗe, don magana ce ta rai. Irin shuka na kamfani sau da yawa an gauraya shi da magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Yakan zo da launi, ja ko wani. In kun ga SEED a buhu, musamman in akwai kalmar TREATED kusa da ita, wato an sa masa magani, to wannan na rami ne kawai. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a ba akuya. Wanke shi ba ya mayar da shi abinci. In iri ya yi saura bayan shuka, a ɗaure a rataye nesa da rumbu da madafa. Iyayena mata, ku ne masu zuwa niƙa, ku dubi buhu kafin ku auna. In kuka ga POISON, guba ke nan. In kuka ga DANGER, haɗari ke nan. Sau da yawa akan zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a kusa da su.

Wasa na uku, juya baƙaƙe. Da Hausa ma ana yi. Ka juya maza ka sami zama. Ka juya rami ka sami mari. A Turanci ku ɗauki A da E da T. Za ku sami eat, wato ci, da tea, wato shayi. Ku ƙara M ku sami meat, nama. Ku ɗauki R da A da T: rat, ɓera. Ku juya shi ya zama tar, wato baƙin abin nan da ake shimfiɗa wa hanya. Daga coal tar muka sami kwalta. Kalmar STOP kuma, da kuke gani a bakin hanya, ma'anarta tsaya. In an juya ta sai ta ba da pots, tukwane.

Sai dai ku yi hattara da abu biyu. Turanci ba ya da amana irin ta Hausa wajen rubutu. Mu yadda muka rubuta haka muke faɗa. Su kuwa suna da baƙaƙe bebaye, ana rubuta su ba a faɗin su. Wuƙa knife ce, amma K ɗin ba ya magana. Sannan baƙin C nasu ba irin namu ba ne. Namu na ciki da cokali ne. Nasu wani lokaci K ne, kamar a coat, wani lokaci S ne, kamar a cement, wato siminti. Ni kaina wannan ya wahalar da ni, kuma har yau ban ga dalilinsa ba. Amma harshensu ne, haka suka gada.

Abu na biyu, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. Wannan ma muna da shi. In na rubuta baƙi, me nake nufi? Launi, ko harafi, ko mutanen da suka sauka a gidanka? Sai ka dubi maƙwabtan kalmar kafin ka sani. Wani ɗalibina a wani aji ya koyi cewa well rijiya ce. Gaskiyarsa. Ya koyi shake, girgiza. Ran nan ya zo da kwalbar maganin ɗansa, ya ce Malam, an rubuta a girgiza rijiya, ina ruwan rijiya da tarin yaro? Aji ya fashe da dariya. To well tana nufin rijiya, tana kuma nufin sosai. SHAKE WELL, a girgiza sosai kafin a ba yaro, don maganin yakan kwanta a gindin kwalba. Amma na yaba masa, don ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tun da mun zo kan kwalbar magani, ku nemi baƙaƙe uku a jikinta: EXP. Gajarta kalmar expiry ce, wato ƙarewar wa'adi. In an rubuta EXP 06/2024, wa'adin maganin ya ƙare a wata na 6, wato Yuni, na shekarar 2024. Bayan nan ba a sha. Wani lokaci sukan rubuta watan da baƙaƙe, JAN ko FEB ko MAR, kuma kun riga kun san su. Kusa da shi za ku ga MFG ko MFD, wannan lokacin da aka yi maganin ne. Kada ku rikita su. Ku kuma nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

Masu sayar da riɗi da gyaɗa da dabbobi, ga naku. Yanzu ciniki da yawa ta waya ake biya. In saƙon banki ya shigo, CREDIT ko CR yana nufin kuɗi sun shigo maka. DEBIT ko DR yana nufin kuɗi sun fita. BAL, wato balance, shi ne abin da ya rage a asusunka. 'Yan damfara sukan turo saƙon ƙarya mai kama da na banki. Saboda haka kada ka saki igiyar sa don ka ji waya ta yi ƙara. Ka bincika asusunka da kanka ka ga ko kuɗin sun ƙaru. Lambar sirrinka kuwa, wadda suke kira PIN, ko wa ya bugo ya ce daga banki yake, kada ka faɗa masa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a rubuta mana duk wannan da Hausa ba? Ni ma ra'ayina ke nan, kuma ina faɗa duk inda na sami dama. Mai sayen maganin feshi a ƙauye ya cancanci a gargaɗe shi da harshen da yake ji. Amma damina ba za ta jira a gyara ba. Kuma ban ce ku bar Hausa ba. Ban kuma ce ku riƙa cusa Turanci cikin zance a majalisa don a ce kun waye ba. Wannan ba ya ƙara wa mutum komai.

Kayan wasan ba sai an saya ba. Ku sami kwali, ku yayyanka shi ƙanana, ko ku tara marafan kwalba. Ku rubuta haruffan Turanci 26, kowane a nasa. Ku yawaita A da E da I da O, da T da S da R da N, don su aka fi bukata. Ku zuba a ƙwarya. Mutum huɗu sun isa zama ɗaya. Mata su yi nasu a cikin gida bayan an sauke tukunya. Yaranku 'yan firamare da sakandare su zama alƙalai, ba kunya a ciki, gemu ba ya hana ilmi. In gardama ta yi tsanani, ƙamus ke raba ta. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fito tun 1965. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Yau da Kullum, na Paul Newman da Roxana Ma Newman, wanda Jami'ar Bayero ta Kano ta buga a 2020. In aji ya yi karo-karo, guda ɗaya ya ishe mu.

Kalmomin kuma kada ku nemo su daga nesa. Kowa ya zo aji da kalma uku da ya kwafo daga buhun taki, ko kwalin magani, ko gwangwanin madara, ko allon bakin hanya tsakanin nan da Gwaram. Uku a kowane mako, a shekara sun haura 150.

Yanzu ga aikin gida. Ku zana gida tara a ƙasa ko a takarda, uku a tsaye uku a kwance, kamar ramukan dara. Ga misali. Layi na farko BAT, jemage. Na biyu APE, goggon biri. Na uku TEN, goma. Ku karanta daga hagu zuwa dama, ku kuma karanta daga sama zuwa ƙasa, za ku ga kalmomin ba su sake ba.

To ga naku, ba zan faɗi amsa ba. Layi na farko, abin da kuke riƙe da shi yanzu kuna rubutu, ya fara da P. Layi na biyu, abin da kuke kallon allo da shi, farkonsa da ƙarshensa harafi ɗaya ne. Layi na uku, abin da ake ɗaurawa a kan gado saboda sauro, masunta ma suna jefa irinsa a kogi. Wanda ya fara kawo amsa daidai ranar aji mai zuwa, tare da ma'anar kowace kalma, yana da littafin rubutu da fensir biyu daga aljihuna. Baba, kai ma kana cikin gasar, amma ban da tambayar jika.

Ranka ya daɗe, iyakar abin da na zo da shi ke nan.